Karatun Bayan Digiri: Masu Binciken Arziki Da Yawan Jama'a

A ƙauyuka da yawa yanzu akwai gidan da ya fitar da ɗan jami'a. An sayar da hatsi, an sayar da awaki, wani lokaci har da sa, don yaro ya yi karatu. Ya yi shekara 4 ya sami digiri. Ya yi shekara guda yana bautar ƙasa. A gida ana jiran ya fara ɗaukar albashi. Sai ga shi ya zo ya durƙusa gaban mahaifinsa ya ce, "Baba, ina so in koma makaranta." Uban ya ce, "Wace makarantar kuma? Ashe ba ka gama ba?"

Tambayar uban tana kan hanya, kuma ya cancanci a ba shi amsa. Shi ne zai ƙara haƙuri na wasu shekaru, watakila ma shi zai ƙara sa hannu a aljihu. Idan yaron ya ce likita zai zama, ko injiniya, kowa ya san aikinsu. Amma idan ya ce zai karanta ilmin raya tattalin arziki, ko ilmin yawan jama'a, ko tarihin tattalin arziki, sai a yi shiru. Ba a san inda waɗannan suka dosa ba. Alhali kuwa ba su dosa ko'ina ba sai gona da rumbu da kasuwa da ɗakin mai jego. Mutanen karkara su ne littafin da masu wannan karatu suke karantawa.

Digiri hawa uku ne

Digiri na farko shi ne wanda aka fi sani. A nan malami yake koyarwa, ɗalibi yana rubutawa, a ƙarshe a yi jarrabawa. Digiri na biyu yakan ɗauki shekara ɗaya da rabi ko biyu. Da farko ana zama a aji. Daga baya sai ɗalibi ya zaɓi wata tambaya guda, ya fita ya nemo amsarta da kansa, ya rubuta abin da ya gano. Wannan rubutu shi ake kira kundin bincike.

Digiri na uku shi ne wanda jama'a suke kira digirin digirgir. Wanda ya gama shi ana kiransa dakta, amma ba daktan asibiti ba ne. Ba ya allura, ba ya ba da magani. Wannan hawa yakan ɗauki shekara 3 ko fiye. Sharaɗinsa shi ne ɗalibi ya gano wani abu da ba a taɓa rubutawa ba. Ana ba shi malami mai duba aikinsa. Idan ya gama, sai a gayyato wani babban malami daga wata jami'a dabam. A zaunar da ɗalibin, a yi ta yi masa tambayoyi a kan abin da ya rubuta, har sai an tabbata aikinsa ne kuma ya san abin da yake faɗi.

Watau bambancin shi ne, a hawan farko ana ba ɗalibi ilmi, a hawa na biyu da na uku kuwa shi ake aika ya samo.

Ilmin raya tattalin arziki

Wannan ilmi tambaya ɗaya yake yi ta hanyoyi da yawa. Me ya sa wasu ƙasashe suka yi arziki wasu suka zauna cikin talauci? Me ya sa a gari ɗaya wani gida yake ci har ya sayar, maƙwabcinsa kuwa rumbunsa ya ƙare kafin damina ta tsaya? Me za a yi abin ya gyaru? Ɗalibin wannan fanni yana koyon lissafi sosai. Yana koyon yadda ake auna farashi da riba da bashi da ladan aiki. Amma lissafin ba ya da amfani sai an je an ga abin da ido.

Ga misali daga ƙasar Zazzau. A zamanin Turawa da bayansa, malaman gona sun daɗe suna ce wa manomi ya daina haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya. Suna cewa wannan noman gargajiya ne, ya shuka abu ɗaya zalla a jere kamar yadda ake yi a gonar gwaji. Manoma sukan ce "to", amma su koma su yi yadda suka saba. Sai aka riƙa cewa manomi taurin kai gare shi.

A shekarun 1960 wani masanin tattalin arzikin noma mai suna David Norman yana aiki a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda take ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Shi da abokan aikinsa suka zaɓi ƙauyuka 3. Hanwa tana gab da birnin Zariya. Doka tana bakin babbar hanya. Ɗan Mahawayi kuwa tana can cikin lungu. Aka sa malamai suna zagaya gidaje a kai a kai har shekara ta zagayo. Suna rubuta wa ya je gona, awa nawa ya yi, me aka shuka, me aka girbe, nawa aka sayar.

Da aka haɗa lissafi sai aka ga manomi ne yake da gaskiya. Gonar da aka haɗa shuka ta fi kawo kuɗi a kan kowace eka. Kuma abin da ya fi matsa wa manomi ba ƙarancin ƙasa ba ne kawai, ƙarancin hannu ne a lokacin noman farko, wajen watan Yuni da Yuli. Wanda ya haɗa shuka, noma ɗaya ya yi wa abu biyu ko uku. Haka nan idan ruwa ya yi gardama, in dawa ta ƙi, gero zai rufa asiri. Wannan bincike yana cikin abubuwan da suka canza tunanin masu binciken noma a ƙasashe da dama. Suka fara yarda cewa sai an fahimci dalilin manomi kafin a ba shi shawara. Ba wani sabon abu aka koya wa mutanen Doka ba. Abin da suka sani ne aka auna, aka rubuta, har manyan ofisoshi suka kasa musantawa.

Misali na biyu daga ƙasar Katsina ne. A 1967 wata Baturiya mai suna Polly Hill ta zauna a Batagarawa, kudu da birnin Katsina. Kafin nan ta yi shekaru tana binciken manoman koko a Gana. A lokacin masana da yawa suna ɗauka cewa mutanen ƙauye duk ɗaya suke, talaucinsu iri ɗaya. Ita kuwa ta bi gidajen noma 171, ta raba su kashi 4 bisa ƙarfin kowane gida na jure wa muguwar shekara. Littafinta ya fito a 1972.

Abin da ta nuna kowane magidanci zai gane shi. Mai ƙarfi yana kai taki gona, yana ajiye hatsi har ya yi tsada, yana da jarin yin sana'a da rani. Mara ƙarfi kuwa yana sayar da hatsinsa da kaka, lokacin da ya fi araha, don ya biya bashi. Da damina sai ya sayi hatsin nan da tsada. Don ya sami kuɗin saye sai ya tafi ƙwadago a gonar wani, tasa gonar ciyawa ta cinye ta. Baɗi girbinsa ya ƙara raguwa. Darasin da masu tsara ayyuka suka samu shi ne, idan an kawo taki ko rance aka ce "na manoma ne", to sai a tambaya, waɗanne manoman? Sau da yawa mai ƙarfi ne yake iya kai hannu.

A ƙasar Indiya ma an yi irin wannan nazari. A 1943 yunwa ta kashe mutane miliyan 2 zuwa 3 a yankin Bengal. Amartya Sen yana yaro a lokacin, ya ga abin da idonsa. Da ya zama masani sai ya bi lissafin shekarar. Ya nuna cewa ba rashin shinkafa a ƙasa ba ne babban dalili. Farashi ne ya yi tashin gwauron zabi, ladan 'yan ƙwadago da masunta bai tashi ba. Abinci yana kasuwa, mutane suna mutuwa a bakin kasuwar. A 1998 aka ba shi babbar kyautar nan ta Nobel a fannin tattalin arziki.

Wannan ilmi kuma shi ne yake auna manyan ayyukan gwamnati. Bayan da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwan da yake malala fadamun Haɗeja da Nguru ya ragu. A farkon shekarun 1990 wasu masana suka lissafa abin da mutanen fadamun suke samu daga noma da kamun kifi da itace. Suka gwada shi da abin da ake samu a aikin noman rani na Kogin Kano. Suka tarar ruwa ya fi kawo amfani idan an bar shi ya isa fadama. Irin wannan lissafi kamata ya yi a yi shi kafin a zuba siminti, ba bayan an gama ba.

Ilmin yawan jama'a

Abu uku ne kawai suke canza yawan mutanen gari: haihuwa, mutuwa, da ƙaura. Masanin yawan jama'a waɗannan ukun yake bi. Ba aikinsa ba ne ya ce wa mutum ga yawan 'ya'yan da zai haifa. Aikinsa shi ne ya ƙidaya daidai, ya faɗi abin da ƙidayar take nunawa game da gobe.

A ɗauki misalin ƙauye mai mutum 1,000. A shekara guda an haifi jarirai 40, mutum 10 sun rasu, ba wanda ya tashi ba wanda ya zo. An sami ƙarin mutum 30 ke nan. Ƙarin ba ya da yawa a ido. Amma idan aka ci gaba da haka, kafin shekara 25 mutanen ƙauyen sun zama 2,000. Rijiyar da take isar su yau ba za ta ishe su ba. Gonar eka 12 da uba ya bari, idan 'ya'ya maza 4 suka raba, kowa eka 3 zai samu, ban da rabon mata. Jikoki kuma su sake rabawa. Mai wannan ilmi shi ne yake iya gaya wa ƙaramar hukuma aji nawa za ta buƙata nan da shekara 6, tun da yaran da za su shiga ajin an riga an haife su.

An taɓa ganin illar rashin wannan lissafi. A 1976 gwamnatin tarayya ta buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. An shirya wa yara wajen miliyan 2 da dubu 300 a aji ɗaya. Da aka buɗe makarantu sai wajen miliyan 3 suka zo. Aka rasa azuzuwa, aka rasa malamai, yara da yawa suka yi karatu a gindin bishiya.

Ƙidayar jama'a a Nijeriya tana da dogon tarihi na gardama. Ƙidayar 1952 zuwa 1953 ta ba da wajen mutum miliyan 30. A lokacin mutane da yawa sun ɓoye, don suna tsoron haraji. An yi wata a 1962, aka soke ta, aka sake a 1963 aka sami miliyan 55 da ɗoriya. Yanzu kuma abin ya juya. An gane cewa yawan mutane shi ne yawan kujerun majalisa da kason kuɗi, sai kowane yanki yake zargin ɗan'uwansa da ƙari. Ta 1973 ta ba da kusan miliyan 80, amma gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta soke ta a 1975. Ta 1991 ta ba da kusan miliyan 89. Ko ɗalibin shekarar farko zai ga cewa waɗannan biyun ba za su zama daidai a tare ba. Ƙasar da take da miliyan 80 a 1973 ya kamata ta wuce miliyan 89 nesa bayan shekara 18. Ta 2006 ta ba da miliyan 140 da ɗoriya. An shirya wata a 2023, amma aka ɗage ta.

To, yaya masani yake aiki idan ƙidaya tana da rauni? Wannan shi ne babban abin da ake koya a digiri na biyu. Alal misali, idan aka tambayi mutane shekarunsu, da yawa sukan ce 30, ko 40, ko 50. Kaɗan ne suke cewa 39 ko 41. Ba ƙarya suke yi ba, ba su da takardar haihuwa ne. Ɗalibi yana koyon yadda zai gane wannan ya gyara lissafi. Yana kuma koyon tambaya da abin da mutum zai tuna. An haife ka kafin mulkin kai na 1960? Kina goyon wa lokacin da aka kashe Sardauna a 1966? Ka yi aure kafin a canza fam zuwa naira a 1973? Da haka ake kusantar gaskiya.

Haka nan mutuwar yara. A ƙauye ba a rubuta ta. Sai a zaɓi wasu gidaje a kowace jiha, a sa mata masu bincike su shiga su tambayi matan gida: 'ya'ya nawa kika haifa, nawa ne suke raye? Tambaya ce mai tayar da tsohon miki, kuma mai yin ta yana bukatar ladabi. Amma daga amsar ne ake sanin halin da ƙasa take ciki. Babban binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya nuna cewa a cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a Nijeriya, 132 ba sa kai shekara 5. Ya kuma nuna cewa yaron da aka haifa kafin yayansa ya cika shekara 2 ya fi shiga haɗari. Tsofaffin mata sun daɗe suna faɗan kwanika. Lissafi ya zo ya goyi bayansu.

Masana kansu suna da saɓani a kan yawan jama'a. A 1798 wani malami a Ingila mai suna Thomas Malthus ya ce mutane suna ƙaruwa fiye da abinci, ƙarshen abin yunwa ce. A 1965 wata masaniya 'yar ƙasar Denmak, Ester Boserup, ta ce ba lallai ba ne. Ta ce idan mutane suka yi yawa sukan canza dabarar noma. Ƙauyukan da suke kewaye da birnin Kano suna cikin wuraren da aka gwada wannan magana. Michael Mortimore ya yi shekaru da yawa yana nazarinsu. Mutane sun cika maƙil, ba a barin gona ta huta, amma ƙasa ba ta mutu ba. Manoma suna tara takin dabbobi, suna ɗauko shara da toka daga birni a kan jakuna, suna barin itatuwa masu amfani a gona. Amma Polly Hill, da ta yi nazarin yankin Dorayi a gefen Kano, ta ga wani ɓangaren. Ta ga magidanta da yawa da gonarsu ta ƙanƙance har ba ta ciyar da su. Duka biyun gaskiya suka gani. Ɗalibi nagari ba ya riƙe ɗaya ya jefar da ɗaya.

Tarihin tattalin arziki

Tarihin da aka saba ji shi ne na sarakuna da yaƙe-yaƙe. Wannan kuwa tarihin gishiri ne da goro da tufafi da haraji. Yana tambaya: da me kakanni suka rayu, wa ya ci riba, wa ya yi asara, me ya sa abin ya canza?

Labarin gyaɗa ya isa misali. Lokacin da Turawan Ingila suka ja hanyar jirgin ƙasa zuwa Kano, auduga suke so. Masaƙun ƙasarsu suna bukatarta. Jirgi ya iso Kano a 1911, aka buɗe hanyar ga 'yan kasuwa a 1912. Amma audugar ba ta tafi yadda suka so ba. Masaƙan gida suna biyan kuɗin da ya fi na kamfanin Turawa. Ko a 1851, da matafiyin nan Heinrich Barth ya zo Kano, ya rubuta cewa tufafin Kano ana kai su har Tambutu da Tarabulus. Sana'a mai irin wannan ƙarfi ba ta sakin audugarta da araha.

Sai manoma suka juya ga gyaɗa. A Turai ana neman manta don yin man shafa wa burodi da sabulu. Fataken goro na Kano, waɗanda suke da jari da yara a ko'ina, suka shiga ƙauyuka suna ba da kuɗi da kaya don a noma musu. Manomi ya yi nasa lissafin. Gyaɗa tana son jigawa. Harawarta abincin dabba ce. In ciniki ya ƙi, ana iya cin ta, ba kamar auduga ba. A 1911 gyaɗar da aka fitar daga Nijeriya ba ta kai tan 2,000 ba. A 1913 ta kai wajen tan 19,000, har jirgi ya kasa kwashewa. Alhassan Ɗantata, wanda ya fara da fataucin goro a Gwanja, ya zama babban mai sayen gyaɗa har ya rasu a 1955. Wanda ya tono wannan labari filla-filla shi ne Jan Hogendorn, kuma aikin digirinsa na uku ne a Landan. Ya karanta takardun kamfanoni da na gwamnati, ya kuma zauna da tsofaffin Kano ya ji daga bakinsu.

Labarin bai tsaya nan ba. Daga ƙarshen shekarun 1940 aka kafa hukumomin sayen amfanin gona. Su ne suke yanka farashi, su kaɗai suke fitar da gyaɗa waje. Masana da suka duba littattafan hukumomin sun nuna cewa ana riƙe kaso mai tsoka na kuɗin manomi. Da wani ɓangaren kuɗin aka yi hanyoyi da makarantu da masana'antu, amma manomi bai san haraji na biyu yake biya ba. Sai ga farin 1972 zuwa 1974. A 1975 kuma wata cuta da darɓa take yaɗawa ta nannaɗe gyaɗa a gonaki. Kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati. Dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano. A 1986 aka rushe hukumomin. Duk wanda yake kiran a dawo da dalar gyaɗa, ya kamata ya fara sanin abin da ya gina ta da abin da ya rushe ta.

'Yan ƙasa ma sun yi wannan aiki. Mahdi Adamu ya yi digirinsa na uku a kan yadda Hausawa suka bazu a Afirka ta Yamma ta hanyar fatauci da sana'a da malanta. Littafinsa ya fito a 1978, daga baya ya shugabanci Jami'ar Sakkwato. Yusufu Bala Usman ya yi nasa a Jami'ar Ahmadu Bello a kan tarihin ƙasar Katsina, ya bi garuruwa yana tambayar dattawa. Ɗaliban wannan fanni sukan yi watanni a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa wanda aka kafa a 1970. A can akwai rahotannin da jami'an Turawa suka rubuta lokacin da suke yanka haraji: yawan gidaje, yawan shanu, farashin dawa, sana'o'in gari. Don karɓar kuɗi aka rubuta su, saboda haka ba a haɗiye su gaba ɗaya. Mai shanu 50 ba zai ce 50 ba a gaban mai karɓar jangali. Dole ɗalibi ya gwada takarda da abin da tsofaffi suka riƙe, kamar labarin yunwar 1913 zuwa 1914 da ake kira Kakalaba.

Ina ake karatun, kuma me ake samu?

Jami'o'in Nijeriya da yawa suna ba da digiri na biyu da na uku a tattalin arziki da tarihi, har da ta Zariya da ta Bayero a Kano da ta Ibadan. Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife tana da sashe na musamman na ilmin yawan jama'a. A Jami'ar Gana da ke Legon akwai cibiyar nazarin yawan jama'a da aka kafa a 1972 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya. Akwai takwararta a Yawunde ta Kamaru don ƙasashe masu amfani da Faransanci, irin su Nijar da Chadi. Masu sa'a sukan sami tallafin karatu zuwa ƙasashen waje, amma masu nema sun fi guraben yawa nesa.

Wanda ya gama yana iya koyarwa a jami'a ko kwaleji. Yana iya aiki a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ko Hukumar Ƙididdiga, ko Babban Banki, ko ma'aikatar tsare-tsare ta jiha, ko ƙungiyoyin raya karkara. Amma kada a ruɗi iyaye. Takardar ba ta zuwa da aiki a manne. Karatun kuma yakan wuce lokacin da aka ɗiba. A 2022 malaman jami'o'in gwamnati sun yi wata 8 suna yajin aiki, kowa ya zauna. Ban da kuɗin makaranta akwai kuɗin mota zuwa wurin bincike, da na masu taimako, da na buga kundi.

Saboda haka uba yana da damar ya yi wa ɗansa tambayoyi kafin ya amince. Wace tambaya kake son ka amsa? Wane malami ne zai duba aikin, ka yi magana da shi? Shekara nawa? Wa zai biya? Za ka iya haɗawa da aiki? Yaron da ya iya bayyana wa mahaifinsa bincikensa da Hausa, a taƙaice, ya san abin da yake nema. Wanda ya ce "Baba, ba za ka gane ba", sau da yawa shi ne bai gane ba. Akwai kuma masu komawa makaranta don kawai aiki bai samu ba. Wannan ba laifi ba ne, amma gara a faɗa a fili, a auna shi da sauran hanyoyi.

Idan mai bincike ya shigo gari

Ko gidan da ba shi da ɗan jami'a, wata rana zai ga baƙo da takarda da biro, ko da waya a hannu, yana tambayar dami nawa aka samu bana. Ya kamata ya fara zuwa wajen mai gari, ya nuna takardar jami'arsa ko hukumarsa. Ya faɗi abin da yake nema da abin da za a yi da amsar. Ƙa'idar aikinsa ta hana shi bayyana sunan mutum tare da sirrinsa. Wanda ba ya son amsa wa ɗalibi yana da ikon ya ƙi.

Wanda ya yarda zai amsa kuwa, gara ya faɗi gaskiya. Wasu sukan rage don tsoron haraji. Wasu sukan ƙara talauci don suna zaton za a raba tallafi. Ɗalibi ba ya karɓar haraji, ba ya kuma raba taki. Amsar ƙarya tana shiga kundi, daga kundi ta shiga rahoto, daga rahoto a yi tsari a kanta.

Su ma masu binciken akwai bashi a kansu. Kundaye da yawa suna kan kanta a ɗakunan karatu na jami'a, an rubuta su da Turanci, ƙura ta rufe su. Mutanen da suka bar aikinsu suka zauna suna amsa tambayoyi ba su taɓa jin sakamakon ba. Mai gari yana iya sa sharaɗi tun ranar farko: idan an gama, a dawo a karanta wa jama'a abin da aka gano, da harshensu, a bar musu kwafi ɗaya. Kuma idan ɗalibin tarihi ya nemi ganin tsofaffin takardun gida, irin rasiɗin haraji da jangali, ko wasiƙun ajami, ko littafin bashin wani kaka mai fatauci, a bar shi ya ɗauki hoto a nan gaban masu su. Takardun su zauna a gida, a cikin leda ko akwatin ƙarfe inda gara da ruwa ba za su kai ba.